Minti Goma a Motar Baba

Na ga saƙonninku, masu karatu. Wata ma cewa ta yi, "Ke dai kin cika butulci, namiji irin wannan ko a mafarki sai mai rabo." Na gode, 'yar'uwa, Allah ya ba ki irinsa biyu. Amma kafin ki gama yanke min hukunci, gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Alhamis, ranar da aka sassauta dokar kulle na awa shida don mutane su fita cefane.

Wanda yau ya fara karanta ni, bari in taƙaita masa. Baba ya rasu wata huɗu ke nan, a farkon annobar nan. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi yana tari, maganar ƙarshe da ya yi min ita ce in ɗaga gilasan motarsa kada ruwan sama ya shiga. Ba mu sake ganinsa ba, a waya aka faɗa mana. Malamin tuƙi ne. Shekara talatin yana koya wa mutane a wata tsohuwar farar mota mai birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a tasa ƙafar. Tun ranar tana nan a tsakar gida, tayoyinta sun sace, an tokare ta da bulo.

Sati uku da rasuwar abin ya fara kama ni. Ina tsaye ina wanke kofi sai ƙirjina ya ɗaure tamau kamar an ja zariya, hannuna ya ɗau rawa, in ji kamar iskar duniya ta ƙare. Sau biyu aka yi min gwajin cutar, babu ita. Umma ta ce ƙarancin jini ne. Yaya Babba ya ce zaman banza ne, tunda an rufe makarantar da nake koyarwa. Mutum ɗaya ne ya ce, "Wannan damuwa ce, kuma tana da magani." Ɗan Tawada ke nan, wanda zan aura.

Haka nake kiransa don a wurin buga takardu yake aiki, farcensa ba ya rabo da shuɗi ko ya wanke da me. An riga an sa mana rana kafin annoba ta zo ta ɗage komai. In kun taɓa ganin fastar nan ta bakin shaguna, mai hoton mace ta dafe ƙirji, an rubuta KADA KI YI SHIRU DA DAMUWARKI, to shi ya tsara ta. Shi ya turo min lambar Likita da ke jikinta. Ku riƙe wannan, kada gobe wani ya ce ban faɗi alherinsa ba.

Likita mace ce mai sanyin murya, duk Litinin take kirana. Aiki biyu ta ba ni. Na farko, kullum in zauna ni kaɗai na minti goma, in ja numfashi ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida, sannan in lissafa abu biyar da idona yake gani. Na biyu, in samu littafi in raba shafi biyu: hagu abin da ya ɗaure min ƙirji a ranar, dama abin da ya kwance shi.

"Ki samu wuri mai shiru a gida," in ji ta.

Na yi dariya har sai da ta tambaya ko layin ne ya samu matsala. Mu takwas ne a ɗaki uku. Yaya Babba da matarsa da 'ya'yansu uku sun zo ta'aziyya, kulle ya rutsa da su. Banɗaki in kin yi minti biyu an fara buga ƙofa. Ɗakinmu kuwa Auta, ƙanwata, tana ciki da wayarta tana ihu dare da rana.

Shi ya sa na koma mota. Ƙarfe goma na safe in shiga kujerar ɗalibi, in ja ƙofa, sai hayaniyar gidan ta koma kamar daga nesa. Har yanzu ciki akwai ƙamshin sabulun askinsa haɗe da na man inji. Abu biyar ɗina ba sa canzawa: madubi, tabaransa a gaban gilashi, tsumman goge ƙura, makulli, da birkinsa da robar ta cinye ta gefe guda. Lokacin da yake koya min, in na rikice a mararraba, cewa yake, "Kada ki nemi hanya tukuna. Taka birki. Hanya ba gudu za ta yi ba." Littafin nan kuwa a aljihun motar nake ɓoye shi, don a cikin gida ko allura kika ajiye sai an san launinta.

Abu ɗaya ne yake ɓata min rai. Ban taɓa zama a kujerar Baba ba. Dogo ne shi, kujerarsa kullum a can baya take. Amma duk safiya sai in tarar an jawo ta gaba har ta kusa haɗewa da gilashi. Na yi wa 'ya'yan Yaya faɗa, na yi wa Auta, kowa ya rantse ba shi ba ne. Kullum da haushi nake mayar da ita inda ya bar ta.

Sati shida ina haka. Rawar hannun ta ragu, na fara cin abinci ba sai an yi min tsawa ba, har wata rana na ji kaina ina waƙa ina shanya. Ɗan Tawada kuma kullum da saƙonsa na safe: "Malamata, yau kin warke?" Da farko daɗi nake ji. Da aka jima sai ya zama kamar mai buɗe tukunya yana duba ko ta nuna. "Yau kin warke? Hajiya tana tambaya." Hajiya mahaifiyarsa ce. Ban san ranar da sunansa ya tashi daga shafin dama ya koma na hagu ba, ni dai na ga alƙalamina yana kai shi can.

Sai ga Matar Sama. Maƙwabciyarmu ce, barandarta tana kallon tsakar gidanmu, kuma tunda aka yi kulle ba ta da abin kallo sai mu. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to ita nata taimakon shi ne ta ɗauke ni a waya. Daƙiƙa arba'in: ni a motar mamaci, ido a rufe, baki yana motsi, yatsu suna ƙirga, hawaye yana zuba. Ta tura wa ƙawarta, ƙawar ta tura wa wata, kafin kwana biyu ya isa hannun Hajiya.

Ranar Talata saƙonsa ya shigo, babu ko "Malamata".

"Kin ga wannan?"

Na kalla sau ɗaya. Ban taɓa ganin fuskata daga sama ba, sai na ji tausayin yarinyar da ke ciki.

"Na gani."

"Hajiya ta ce wai da mamaci kike magana."

"Lissafi nake. Ɗaya zuwa huɗu. Kai ka ba ni lambar matar."

"Na sani. Ni na gane. Amma ba za ki iya yi a ɗaki ba? Inda ba a gani?"

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Mutumin da ya buga KADA KI YI SHIRU da haruffa kamar tafin hannu, ya manna wa gari guda. Ashe matar cikin fasta yake nufi, ita da ba za ta taɓa zuwa gidansu ba.

Da yamma Umma ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a bakin gado tana ninke wanki, ba ta ɗago ba.

"Ni dai kada ki jawo min abin faɗa. Ubanki ya tafi, ba ni da mai tsaya min a gaban mutane."

"Umma, magani nake yi."

"Maganin da ake yi a mota ban taɓa jinsa ba."

Yaya Babba yana jingine da ƙofa, ya ce, "Ai motar ce fitinar gaba ɗaya." Matarsa daga bayansa ta ce, "Wallahi ni ko wucewa na zo yi ta gefenta sai tsigar jikina ta tashi." Wannan baiwar Allah wata huɗu tana shanya kayan 'ya'yanta a kan motar, tsigar ba ta tashi ba sai ranar.

Na ce musu mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na fita. Na ɗauka an gama.

Ranar Alhamis da safe Umma ta ce ni zan je cefane, in tafi da Auta. Da kanta ta goge min doguwar rigata mai ruwan hanta, ta ciro min mayafin da ya dace da ita. Ina ɗaura takunkumi ta matso ta gyara min mayafin a kafaɗa, ta shafa shi sau biyu. Tun da Baba ya rasu hannunta bai taɓa jikina ba. Na fita zuciyata fari tas, kamar wawiya. Na manta ruwa ba ya tsami banza.

Awa uku muka yi a layi, kowa a cikin da'irar da aka zana masa da fenti a ƙasa. Muka dawo da leda a kowane hannu, igiyar takunkumi ta cinye min bayan kunne. Daga nesa na hango ƙofar gidanmu a wangale, duka ɓangarorin biyu.

Babu motar.

Inda take akwai fili mai tsabta, siffarta sak, simintin wurin ya fi na ko'ina haske. Bulo huɗu, baƙin tabon mai a tsakiya, da sawun ja har bakin titi. Ledar hannuna ta faɗi, albasa ta gangara ƙarƙashin igiyar shanya.

Ɗan Tawada yana tsaye a bakin ƙofa, cikin riga ruwan sararin sama da ta sha guga, takunkuminsa fari ƙal. Ko ta bayan takunkumin ina ganin murmushi a idonsa. Hannunsa riƙe da wani ƙunshi.

"Malamata, sannu da rana. Ga shi na kawo miki." Ya ajiye a ƙasa ya tura min da ƙafa, saboda doka. "Tabarma ce mai laushi, irin wadda ake zama a kai. Akwai turare mai kwantar da hankali, da abin toshe kunne. Na yi bincike, su ake amfani da su."

"Ina motar Baba?"

"Kin ga, ki tsaya ki..."

"Ina motar Baba?"

"Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun ɗauka. Ni da Yaya muka yi shawara, Umma ta amince." Ya sassauta murya, irin wadda ake yi wa yaro za a yi masa allura. "Ita ce take riƙe ki. In babu ita za ki saki abin, ki warke. Don ke na yi."

"Ka tambaye ni?"

"Ai da na tambaye ki ba za ki yarda ba."

Ku ji fa. Ya faɗi wannan, kuma ko a jikinsa. Taku shida ne tsakaninmu kamar yadda doka ta ce, kuma wallahi dokar nan ta yi masa rana.

Nan zariyar ta fara ja. Na san ta, na san yadda take somawa daga ƙasan haƙarƙari ta hau wuya. Na waiga ina neman ƙofar da zan ja in rufe, babu. Yaya Babba ya shige ɗaki, matarsa tana leƙe ta labule. Sai kawai na taka zuwa filin nan, na auna inda kujerar ɗalibi take, na zauna a ƙasa da rigata mai guga. Na rufe ido. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Don Allah ki tashi," na ji yana cewa ƙasa-ƙasa. "Ana kallo. Ga ta can a baranda."

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

"Abin da nake gudu ke nan fa. Ki rufa min asiri."

Ban san sau nawa ya roƙa ba. Na dai ji ya ce lokacin fita ya kusa ƙarewa, na ji tashin babur ɗinsa. Da na buɗe ido ba shi, sai Umma. Tana tsaye a gefena, daidai ɓangaren Baba, hannunta a baya, tana kallon siminti.

Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar na yi. "Umma, da sanin ki? Shi ya sa kika goge min riga? Abu ɗaya ya bar mana da ƙamshinsa, kika tsaya kina kallo aka ja shi kamar mushe!"

"Rufe min baki."

Na rufe. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke ce mai tura kujerar nan baya kullum, ko?"

Na ɗaga kai na dube ta.

"Ƙafata ba ta kai wa birkin in tana baya." Ta share hanci da gefen mayafi. "Bayan cin abincin rana, in kowa ya kwanta. Ni ban san ƙirga ba, zama kawai nake, in ɗora ƙafata inda yake ɗora tasa. Ni dai Allah ya taimake ni, lokacin matar can barci take."

Umma gajera ce. Sati shida ina zagin yara, amsar tana wucewa ta gabana da bokitin wanki. Duk safiya ina ture mata wurin zamanta da haushi, duk rana tana jawo shi ba ta ce uffan ba.

"To me ya sa kika yarda?" na ce. Muryata ta zama ta ƙaramar yarinya.

"Don ke kina da gaba. Ni abin da ke cikin motar baya ne." Sai yanzu ta dube ni, idonta jawur. "Na ba da nawa don a bar miki aurenki. Kada ki sa in zama na yi asarar banza."

Ban san wanda zan ji wa haushi ba, ita, ko shi, ko Baba da ya tafi ya bar mu muna satar zama a kujerunsa. Ina wannan tunani wayata ta yi ƙara a cinyata. Hoto ne. Kafin ya gama buɗewa sai na tuna aljihun motar.

Shafin littafina ne, a kan tebur, babban yatsansa mai shuɗin farce ya danne gefensa. Rubutuna. Shafin hagu. Sai wani hoton, sai wani.

"Na cire miki shi kafin su ja motar, don kada ya ɓata," ya rubuto. "Na tsaya a hanya na duba."

Sai na biyu: "Sau goma sha bakwai sunana yana hagu. Na ƙirga."

Sai na uku, dogo: "Ba zan yi fushi ba, na san ba ke ba ce. Ki ce min ciwon ne ya rubuta. In kin faɗa, yanzu zan gaya wa Hajiya abin ya zo ya wuce, rana tana nan yadda aka sa. Ina jiran ki."

Umma ta sunkuyo ta kan kafaɗata, tana karantawa a hankali, leɓenta yana bin kalmomin. Na ji numfashinta a wuyana.

"Ki ce ciwo ne," ta ce. "Kalma biyu ce. Ki faɗa a wuce wurin."

Kalma biyu. In na faɗe su, Matar Sama ta yi gaskiya, Hajiya ta yi gaskiya, kuma abu ɗaya da na rubuta tsakanina da Allah a wata huɗun nan ya zama rubutun mahaukaciya. Zan shiga gidansa a matsayin wadda ya warkar, duk ranar da na ce wani abu ya yi min zafi a ce ciwon ne ya motsa. In kuma na ƙi, ga Umma nan tsaye a kan siminti, ta ba da kujerar mijinta a banza. Kuma kada ku ɗauka ba na son shi. Ina son shi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ban nemi hanya ba tukuna. Na ja huɗu, na saki shida. Tabon mai. Bulo. Albasa ɗaya a gindin bango. Tabarmarsa a cikin leda. Yatsun ƙafar Umma, sun dunƙule a cikin silifa.

Sannan na rubuta: "Da hankalina na rubuta. Da na yau ya zama sha takwas."

Na tura.

"Kin kashe ni," Umma ta ce. Ba da ihu ba. Ta sulale ta zauna a ƙasa, a ɓangaren Baba, ta miƙe gajerun ƙafafunta.

Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Daga nan shiru. Muna zaune a rana mu biyu, a cikin motar da babu, sai muka ji waya tana ƙara daga cikin ɗaki. Auta ta fito da gudu tana riƙe da ita nesa da jikinta.

"Umma, Hajiyarsu ce."

Umma ta miƙa hannu ta karɓa. Hannun yana rawa, irin rawar da na sani, ɗayan kuma ya dafe ƙirjinta. Ta dubi sunan da ke jikin wayar, ta ɗaga kai ta dubi baranda, inda Matar Sama take tsaye da tata wayar a hannu. Bakinta ya buɗe yana neman iska.

"Ke," ta ce da kyar, ba ta kalle ni ba. "Har nawa ake ƙirgawa?"

"Huɗu, Umma."

Ta rufe ido. Wayar tana ta ƙara a cinyarta.